Hannun da Aka Ɗaga da Ƙuri'ar da Aka Kaɗa: Nazarin Wani Zaɓen Fid da Gwani a Jos, 2022

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya bi diddiginsa ɗan kasuwa ne a Jos, a nan aka haife shi, a nan ya girma. An sakaya sunansa da na jam'iyyarsa da na mazaɓarsa. A farkon 2022 ya fito neman tikitin takarar majalisar dokokin jihar Filato a ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu. Bai taɓa riƙe muƙami a jam'iyya ba, ko da na gunduma, amma sunansa ya zaga gari: ya sha biya wa yara kuɗin jarrabawa, ya tona rijiyar burtsatse a unguwanni biyu, kuma in gobara ta tashi a kasuwa yana cikin waɗanda ake fara gani da gudummawa. Wannan suna shi ne jarinsa. Shawarar da makusantansa suka ba shi ita ce a tara manya da ƙungiyoyi su fito fili su ɗaga hannunsa, har jam'iyya ta ga ba ta da wani ɗan takara sai shi.

Su huɗu ne suka yanki fom. Bayan shi akwai babban abokin karawarsa, wanda ya daɗe cikin shugabancin jam'iyya a ƙaramar hukuma, ba a cika jin sa a rediyo ba, hotunansa na kamfe ma ba su kai rabin na ɗan kasuwar ba. Sai wani matashi, tsohon kansila, mai ƙarfi a yankinsu kaɗai. Na huɗun ya yanki fom ne don a san da shi lokacin rabo. A wannan shekara fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2 ne a APC, naira 600,000 a PDP.

## Fabrairu zuwa Maris: doka ta canza masu zaɓe

Ranar 25 ga Fabrairu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Zaɓe. Washegari hukumar INEC ta fitar da jadawali: jam'iyyu su fid da 'yan takara tsakanin 4 ga Afrilu da 3 ga Yuni, daga baya aka tsawaita zuwa 9 ga Yuni. Sashe na 84 na dokar ya buɗe hanya uku. Akwai ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya zai yi zaɓe. Akwai zaɓen deliget, inda wakilan 'yan jam'iyya kaɗai ke kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma maslaha, wadda ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da kansu sun amince da mutum ɗaya. Jam'iyyar ɗan kasuwar ta ɗauki hanyar deliget.

A cikin sashen akwai layi biyu da suka sauya lissafi. Ƙaramin sashe na 8 ya taƙaita zaɓe ga deliget ɗin da aka zaɓa don wannan aiki. A da, gwargwadon kundin kowace jam'iyya, shugabanninta da zaɓaɓɓun kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa masu ci da na da duk suna shiga zauren da ƙuri'arsu, muƙaminsu ne ke ba su. Dokar ta 2022 ta rufe wannan ƙofa. Ƙaramin sashe na 12 kuma ya hana naɗaɗɗun masu muƙami, irin su kwamishinoni da mashawarta, kaɗa ƙuri'a ko tsayawa takara matuƙar suna kan kujera.

PDP ta tsayar da deliget 3 daga kowace gunduma, APC 5. A wannan mazaɓa jimillar masu zaɓe ta kama mutum 30. Duk wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke da tikiti, wanda ya riƙe 16 kuwa ya gama. Kwamitin kamfe na ɗan kasuwar ya ji labarin an yi sabuwar doka, amma babu wanda ya zauna ya karanta sashe na 84.

## Maris zuwa ƙarshen Afrilu: tara masu ɗaga hannu

Azumin wannan shekara ya fara ranar 2 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Salla ranar 2 ga Mayu. Mafi yawan kuɗi da lokacin ɗan kasuwar a wannan wata suka tafi.

An fara da ƙungiyoyin sana'a: 'yan gwari, 'yan katako, mahauta, masu keke, teloli, da ƙungiyoyin matasa na unguwanni. Tsarin ɗaya ne kullum. A kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗauko lasifika, a raba riguna da huluna, shugaban ƙungiya ya karanta takardar mubaya'a, a ɗaga hannun ɗan takara, a raba kuɗin mota. Kafin buɗa baki hotuna sun cika Facebook da zaurukan WhatsApp. An yi irin wannan taro har sau tara, kuma mutanen da suka zo yawancinsu da gaske suke son sa.

Daga nan sai malamai. Ya zaga wuraren tafsiri da gudummawarsa. Akasarin malaman sun yi masa addu'a kamar yadda suke yi wa kowane mai neman shugabanci, ba su wuce nan ba. Malami ɗaya ne ya ambaci sunansa a gaban jama'a, ya ce irin waɗannan ya kamata a zaɓa. An naɗi maganar a waya, ta bazu. Kwamitin ya ɗauki wannan a matsayin babbar nasarar watan. Abin da ba a lura da shi ba shi ne hannun da bidiyon ya faɗa. Jam'iyya a Jos gida ce ta kowa: Hausawa, Afizere, Anaguta, Berom, Yarbawa, Ibo, Musulmi da Kirista. Garin da ya ga rikicin Satumban 2001, ya kuma ga na Nuwamban 2008 wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, kunnensa a buɗe yake ga duk takarar da aka sa wa rigar addini. Mutanen abokin karawarsa ba su ƙara ko kalma ɗaya a kan bidiyon ba, tura shi kawai suka yi ga 'yan jam'iyya Kiristoci da kuma Musulmin da ba sa bin karatun wannan malami. Ga shi kuma dokar zaɓe ta hana amfani da wuraren ibada wajen kamfe, don haka abin ya zama makami biyu a hannun abokan hamayya.

Masu unguwanni da dattawa sun karɓe shi hannu bibbiyu, sun sa albarka. Washegari abokin karawarsa ya je, aka shimfiɗa masa tabarma guda, aka sa masa albarka iri ɗaya.

Abin da ya fi cin wahala shi ne neman wani babba ɗan jihar da ke zaune a Abuja, wanda ya taɓa riƙe babban muƙami. Sau uku ana tafiya kafin a samu ganinsa. A na ukun ya riƙe hannun ɗan kasuwar a falonsa aka ɗauki hoto, ya kuma yi alƙawarin zai kira waɗanda ya kamata. Mutumin ya shekara da shekaru bai halarci taron gundumarsa ba, kuma a ƙarƙashin sabuwar doka shi kansa ba shi da ƙuri'a. Da hoton ya isa ga shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, sai ya fassara shi da cewa ana shirin yi musu ɗauki-ɗora daga sama. Kafin nan bai fito fili da wanda yake so ba. Bayan hoton ya fito.

A duk tsawon wannan wata abokin karawar bai yi taron rumfa ko ɗaya ba. Bayan tarawihi yakan ɗauki mutum ɗaya ko biyu ya je gidan ciyaman ɗin gunduma, gobe gidan sakatare, jibi gidan shugabar mata. Ya biya bashin hayar ofisoshin gunduma da ya taru, ya kuma sayi fom ɗin deliget ga mutanen da aka daidaita a kansu.

## Taron gundumomi da fitowar jerin sunaye

Tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu jam'iyyu suka yi tarukan zaɓen deliget. A takarda, 'yan jam'iyya ne za su hallara a gunduma su zaɓi wakilansu. A aikace, a gundumomi da yawa ciyaman da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa da dattawa kaɗan ne ke zama tun da dare su tsayar da sunaye, da safe a karanta, a ce an amince, kwamitin da aka turo daga jiha ya sa hannu. Ba a duba wanda ya fi iya magana ko ya fi sani. Ana duba wanda ba zai ba da kunya ba: ƙanin ciyaman, matar wani jigo, yaron shagon ma'aji.

Gunduma biyu kaɗai ɗan kasuwar ya tura mutane, su ma don ciyamominsu abokansa ne tun ƙuruciya. Sauran ya bar su, bisa tunanin cewa ko wane ne aka zaɓa, ai ya ga taron da aka yi ya kuma ji maganar manya.

Da jerin ya fito, aka ɗauko wani tsohon sakataren gunduma, dattijon da ya ga zaɓukan fid da gwani tun 1999, aka ce ya duba. Ya sayi littafi, ya ware wa kowane deliget shafi guda, ya rubuta tambaya huɗu a kan kowane shafi. Wa ya sa sunansa a jerin? Wane ne ba ya iya ce wa a'a? Me yake ganin jam'iyya ta ci masa? Me ya faɗa da bakinsa? Tambaya ta huɗu ya sa ta ƙarshe da gangan, domin kusan duk wanda aka kira a waya cewa yake "muna tare, Honarabul". Dattijon ya koya wa kwamitin su saurari abin da ke biyo baya. Wanda ya ce "sai dai ka zo gida mu zauna", ƙofarsa a buɗe take. Wanda ya rufe da "Allah ya ba mai rabo sa'a", ya riga ya yi alƙawari a wani wuri, ladabi ne ya hana shi faɗa.

Lissafin farko ya fito haka: mutum 6 na ɗan kasuwar ne ba shakka, 12 na babban abokin karawarsa, 5 na tsohon kansila, 7 ba su tsaya ba. Aka ɗauko takardun mubaya'ar ƙungiyoyi tara aka gwada da jerin. Mutum 2 ne cikin 30 suke cikin waɗannan ƙungiyoyi, kuma duk biyun suna cikin shidan da ake da su tun farko.

Nan aka sake yin asarar kwanaki. Ranar 10 ga Mayu majalisar dattawa ta yi wa sashe na 84(8) gyara don a dawo da deliget na muƙami, majalisar wakilai ta bi ta ranar 11. Ɗan kasuwar ya lissafa tsofaffin masu muƙami da suka ɗaga hannunsa, ya ga in an dawo da su zai haye. Aka zauna jiran sa hannun shugaban ƙasa. Har aka gama zaɓukan fid da gwani bai sa ba.

## Makon ƙarshe

Sai a wannan mako aka canza salo, duk da an san ba a fafe gora ranar tafiya. Aka soke wani babban gangami da aka shirya, aka koma kan littafin.

Aikin farko shi ne mutum bakwai ɗin nan. Ga kowanne aka nemo wanda ya amsa tambaya ta biyu, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da sunansa ya taɓa fitowa a takardar mubaya'a. Akwai wata bazawara mai ɗinki, wadda ba ta ƙetare maganar uwar adashinsu, domin ita ta tsaya mata lokacin da mijinta ya rasu. Akwai wani matashi bakanike, wanda maigidansa a gareji ya koya masa aiki ya kuma yi masa aure. Akwai deliget Kirista biyu da bidiyon malamin ya sa suka ja baya. Su kuma wani dattijon coci ne ya raka ɗan kasuwar gidajensu, tsohon maƙwabcin mahaifinsa, ya ba su labarin zaman da suka yi da gidan shekara da shekaru. Ƙa'idar ziyarar ɗaya ce: a gidan deliget, bayan sallar isha'i, mutum bai wuce uku ba, babu mai ɗaukar hoto, kuma mai rakiya ne zai fara magana. Ɗan takara ya saurari ƙorafi kafin ya nemi ƙuri'a. Yawancin ƙorafin ma ba a kansa ba ne. Wannan an yi masa alƙawarin aikin ɗansa tun zaɓen baya, wancan ba a taɓa kiransa taro ba sai ranar da ake bukatar sa hannunsa. Mutum biyu cikin bakwai sun ƙi a zo, an riga an kai gare su.

Aiki na biyu shi ne tsohon kansila. Ya san ƙuri'a 5 ba za ta ba shi tikiti ba, kuma ɓangarorin biyu duk sun neme shi. An daidaita a kan abu uku: a mayar masa da kuɗin fom da abin da ya kashe, a sa mutanensa a kwamitin kamfe, a mara masa baya in ya nemi kujera a ƙaramar hukuma. Dattijon mai littafi ya dage a kan yadda za a yi janyewar. Ba sanarwar Facebook ba. Tsohon kansilan ya tara mutanensa biyar a ɗaki ɗaya, ɗan kasuwar na zaune, ya gaya musu da bakinsa, ya kuma rubuta takardar janyewa ga kwamitin zaɓe. An bar abin sai saura kwana biyu, don kada a ba ɗaya ɓangaren lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka labarin ya fita a daren.

Wasu dattawan jam'iyya sun gwada maslaha, da hujjar cewa ɗan kasuwar ya fi karɓuwa a gari. Abokin karawarsa ya ƙi sa hannu, maganar ta mutu a zama ɗaya, domin doka ta ce in ba a samu sa hannun kowa ba sai a koma zaɓe.

Maganar kuɗi ba ta ɓoyuwa. Ɓangarorin biyu sun ba deliget abin da ake kira kuɗin mota, wasu deliget sun karɓa ta ko'ina, alhali sayen ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe. A daren jajibiri abokin karawar ya kwashe mutanensa 12 zuwa otal, aka karɓe wayoyinsu, da safe aka kawo su a mota ɗaya.

## Ranar zaɓe

An yi zaɓen a cikin kwanaki goman ƙarshe na Mayu, jami'an INEC na sa ido, 'yan sanda na bakin ƙofa. Magoya bayan ɗan kasuwar sun cika titi da rigunansa, ba wanda aka bari ya shiga. Aka tantance deliget da jerin sunaye da katin shaida, aka karanta takardar janyewar tsohon kansila, sannan aka riƙa kiran gunduma bayan gunduma. Kowa ya karɓi takarda, ya rubuta sunan wanda yake so, ya jefa a akwati. An ƙirga a gaban wakilan 'yan takara.

Babban abokin karawa ya samu 15. Ɗan kasuwar 13. Na huɗu 1. Ƙuri'a 1 ta lalace, mai ita sunan tsohon kansilan ya rubuta.

Zaɓen na sirri ne, amma da mutum 30 ba a rasa gane inda kowa ya faɗa. A bitar da kwamitin ya yi, shidan farko sun tsaya, an samu 4 daga cikin bakwai, an samu 3 daga cikin biyar na tsohon kansila. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya koma ɗaya ɓangaren a daren da labari ya fita. Daga sha biyun abokin karawa ba a ɓanɓaro ko ɗaya ba.

## Bayan zaɓe

Wasu sun matsa a je kotu, cewa an yi aringizo a tarukan gundumomi. Sashe na 285(9) na kundin tsarin mulki ya ba da kwana 14 kacal don shigar da ƙarar da ta shafi al'amuran kafin zaɓe, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro. Lauya ya nemi takardun sakamakon tarukan da sunayen shaidun da suka halarta. Babu ko ɗaya, tunda ba a tura kowa gundumomin da ake zargi ba. Ba a shigar da ƙara ba.

## Abin da lamarin ya nuna

In aka auna kowane goyon baya da ƙuri'ar da ya kawo cikin akwati, tarukan ƙungiyoyi tara ba su ƙara ko ɗaya ba. Albarkar masu unguwanni ba ta karkata ga kowa ba, kuma haka ya dace da kujerarsu. Yabon malamin ya kusa janyo asarar biyu, sai da aka bi su gida aka gyara. Hoton Abuja ya tura shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ga abokin hamayya. Ƙuri'a bakwai da aka ƙara sun fito ne daga uwar adashi, da maigidan gareji, da dattijon coci, da tsohon kansila. Dalilin a fili yake: deliget ba ya bukatar a gabatar masa da ɗan takara, ya san su duka har gidajensu. Abin da yake aunawa shi ne fuskar da zai haɗu da ita gobe in ya saɓa. Babban da ke Abuja ba zai gan shi ba, ciyaman ɗin da ya sa sunansa kuwa layinsu ɗaya.

Abin da ya faru a Abuja a wannan kaka ya tafi a kan wannan hanya. A watan Afrilu Farfesa Ango Abdullahi ya sanar da Bukola Saraki da Bala Mohammed a matsayin 'yan takarar maslaha na Arewa a neman tikitin shugaban ƙasa na PDP. Ranar 28 ga Mayu Saraki ya samu 70, Bala 20. Aminu Tambuwal kuwa, gwamna mai deliget a hannu, ya janye a cikin filin taron ya ce a zaɓi Atiku Abubakar, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. A APC, ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnonin Arewa na jam'iyyar, ciki har da Simon Lalong na Filato da ke shugabantar ƙungiyar gwamnonin Arewa a lokacin, suka tsaya a kan mulki ya koma Kudu. A Dandalin Eagle Bola Tinubu ya samu 1,271, Lawan 152.

Ba za a ce tarukan azumi sun tashi a banza ɗungurungum ba. Su ne suka sa tsohon kansila ya zaɓi janye wa ɗan kasuwar, domin ya ga shi ne zai iya kawo ƙuri'a a babban zaɓe. Da ƙato bayan ƙato aka yi, inda dubban masu kati ke layi kuma da yawansu ba su san 'yan takara ido da ido ba, da maganar shugaban 'yan gwari ko na masu keke ta yi nauyi sosai. Kuskuren ɗan kasuwar shi ne ya yi kamfen babban zaɓe alhali mutum 30 ne za su yanke hukunci, kuma an tsayar da sunayensu a tarukan da bai halarta ba. Janyewa ma ba ta kwaso kowa: cikin biyar, uku ne suka iso.

Tazarar ƙuri'a biyu ce. Kuɗin taron rumfa ɗaya ya isa ya sayi fom ɗin deliget ga mutanensa a duk gundumomin da bai tura kowa ba, kuma a cikinsu akwai biyu da ciyamominsu ba su ɗaure alƙawari da kowa ba har daren da aka rubuta sunayen.